Kofin azurfa da lambar yabo a wasannin kwaleji na da: dalilin ba da su, ƙirarsu, da yadda ake karanta su

A ranar 3 ga Agusta, 1852, ɗaliban Harvard da na Yale suka yi tseren kwale-kwale a tafkin Winnipesaukee da ke jihar New Hampshire. Wannan ne karon farko da kwalejoji biyu suka kara a wani wasa a Amurka. Harvard ta ci, aka miƙa mata filafilai biyu na baƙin katako da aka yi wa ado da azurfa, kuma Franklin Pierce, wanda aka zaɓa shugaban ƙasa a ƙarshen shekarar, shi ya miƙa su. Kamfanin jirgin ƙasa ne ya biya kuɗin tafiya da masaukin ɗaliban don ya jawo fasinjoji. Wato kuɗi na cikin lamarin tun ranar farko, sai dai ba a sa shi a tafin hannun wanda ya yi nasara ba. An ba shi abin da zai rataye a bango.

Daga nan ake gane amfanin azurfa a wasannin ɗalibai na wancan zamani. A ƙarni na 19 an raba 'yan wasa gida biyu: mai yi don sha'awa, da mai cin abinci da wasa. A Ingila rabon ya haɗa har da matsayin mutum a cikin al'umma. Dokar da masu kula da gasar tseren kwale-kwale ta Henley suka fitar a 1879, da ta ƙungiyar tseren kwale-kwale da aka kafa a 1882, sun fitar da leburori da masu sana'ar hannu daga sahun 'yan sha'awa, kuma ba a janye wannan sharaɗi ba sai 1937. Ƙungiyar guje-guje da tsalle-tsalle da aka kafa a Oxford a 1880 ta yi watsi da batun sana'a, amma ta riƙe batun kuɗi gam. Amurka ta bi sahu da tata ƙungiyar a 1888, ko da yake kafin nan, a shekarun 1850, ɗaliban Harvard sun sha shiga tsere a Boston suna karɓar tsabar kuɗi ba wanda ya ɗaga musu yatsa. Da doka ta tsananta, sai aka buƙaci kyauta mai daraja wadda ba a cefane da ita. Azurfa ta dace: tana da tsada daidai gwargwado, ba ta tsatsa, tana karɓar rubutu da kyau, kuma da zarar an zana suna da shekara a jikinta, farashinta a kasuwa ya koma na nauyin ƙarfen kawai. Dokokin sun ƙara toshe ƙofa, domin wanda ya sayar da kyautarsa ko ya jinginar da ita ya fita daga sahun 'yan sha'awa. Tsananin da ake yi ya fito fili a kan Jim Thorpe na makarantar Carlisle, wanda aka ƙwace lambobinsa na Olamfik ɗin 1912 a shekarar 1913 saboda ya taɓa karɓar ɗan kuɗi a wasan besbol.

Akwai kuma dalili na kasuwa da ba a cika ambata ba. Bayan gano ma'adinin azurfa na Comstock a Nevada a 1859, da kuma janyewar Jamus da Amurka daga dogara ga azurfa a kuɗinsu a farkon shekarun 1870, farashin azurfa ya yi ta sauka har ya kai kusan rabi zuwa tsakiyar shekarun 1890. A 1890 Birtaniya ta soke harajin kayan azurfa. Shi ya sa kofunan kwaleji na tsakanin 1890 da 1914 suka yi yawa, har ƙaramar gasa ta cikin gida kan iya sayen nata.

Ko a Olamfik ɗin farko na 1896 a ƙasar Girka, wanda ya zo na ɗaya lambar azurfa aka ba shi da reshen zaitun, na biyu kuma ta jan ƙarfe. Robert Garrett, ɗalibin Princeton da ya ci jifan faifai da jifan dalma, azurfa ya kawo gida. Jerin zinariya, azurfa, tagulla bai fara ba sai 1904. Saboda haka in ka ga tsohuwar lambar azurfa ta kwaleji, kada ka yanke cewa mai ita na biyu ya zo. Rubutun bayanta ne zai faɗa.

Kofunan iri biyu ne, kuma mutane na yawan haɗa su. Akwai kofin karɓa-karɓa, wanda mallakar gasar ne: wanda ya ci ya riƙe shi shekara ɗaya, a zana sunansa, ya maido. Babban kofin Henley na 1839 haka yake, da kofin baƙi na Henley da ɗaliban Columbia suka ci a 1878, da kofin Childs na 1879 da Columbia da Princeton da Pennsylvania suke tsere a kansa, da kofin Yates na 1898 na ƙwallon jami'o'in Kanada. Wasu gasannin sukan sa sharaɗin cewa wanda ya ci sau uku a jere, ko sau kaza jimilla, ya mallake shi, sai a nemi mai kyauta ya sayo sabo. Irin wannan kofi yakan zauna a kan gindin katako baƙi mai zobe ko ƙananan garkuwoyi na azurfa, inda ake ci gaba da jera sunaye idan jikin kofin ya cika. Nau'i na biyu shi ne na mallaka, ƙarami, mai suna ɗaya ko sunayen 'yan kwale-kwale ɗaya. A Oxford da Cambridge yawancin waɗannan ma ba azurfa ba ne, moɗaye ne na kuza masu gindin gilashi, an zana sunan kwaleji, da shekara, da sunan kowane matuƙi kusa da lambar kujerarsa. Akwai kuma mai hannu biyu ko uku da ake zagayawa da shi a wajen liyafa, kowa ya kurɓa ya miƙa wa na kusa.

Zallar azurfa ta yi laushi da yawa, ba ta jure aiki. Abin da maƙeran fari ke amfani da shi gauraye ne: kashi 925 cikin 1000 azurfa, sauran 75 jan ƙarfe. Wannan shi ne ma'aunin sitalin na Ingila. A Amurka an daɗe ana aiki da kashi 900, ma'aunin tsabar kuɗi, kafin kamfanoni irin su Tiffany da Gorham su koma 925. Gorham ta koma a 1868. Nauyi kuma da oza ta masu zinariya ake auna shi, giram 31.1, wadda ta fi oza ta kasuwa mai giram 28.35. Wanda ya manta wannan bambanci zai yi kuskuren kusan kashi goma cikin ɗari a lissafinsa.

Hanyoyin ƙera jikin kofi biyu ne. Ta farko, a yanko faifan azurfa, a ɗora kan maƙera mai kan dunƙule, a yi ta bugu da guduma zagaye-zagaye daga tsakiya zuwa baki har ya tashi ya zama ƙoƙo. Bugu na sa ƙarfen tauri, don haka bayan kowane zagaye sai a gasa shi zuwa wajen digiri 650, ya yi ja-ja a cikin duhu, a tsoma a ruwa ya yi laushi. Idan aka tsallake gashin, bakin ya tsage. Idan wutar ta wuce kima, jan ƙarfen da ke ciki ya haɗu da iska ya bar wani tabo mai ruwan toka a ƙarƙashin fata, wanda ke fitowa bayan shekaru na gogewa kamar inuwar gajimare. Wannan tabo ba dauɗa ba ne, gogewa ba ta fitar da shi, ƙara fito da shi take yi. Hanya ta biyu ita ce ta inji: faifan na juyawa, ana danna shi da sandar ƙarfe a kan ƙirar katako. Ta fi sauri da arha, kuma yawancin kofunan kwaleji na bayan 1870 haka aka yi su. Leƙa ciki ka gani: aikin guduma na barin ƙananan lotsattsun wurare da kauri marar daidaito, na inji kuwa layuka ne sirara masu zagaye. Hannaye galibi zubi ne, ana liƙa su da azurfar liƙi mai narkewa ƙasa da zafin jikin kofin, a fara da mai wuyar narkewa a ƙare da mai sauƙi don kada liƙin farko ya sake. Ana yawan shafa wa cikin kofin ruwan zinariya don abin sha mai tsami kada ya ci azurfar.

Lambar yabo kuwa bugawa ake yi kamar tsabar kuɗi. Ana sassaƙa hoton a jikin ƙarfe mai tauri, ɗaya na gaba ɗaya na baya, a sa faifan azurfa a tsakani, a danna da inji mai nauyi. Idan hoton mai tudu ne sosai, bugu ɗaya ba ya isa. Sai a buga, a gasa, a sake bugawa. Sassaƙa sabon hatimi na da tsada, shi ya sa ƙananan kwalejoji ke zaɓa daga kundin samfurin kamfani: gaba ɗan tsere ne ko filafilai biyu a gicciye, baya kuma zoben ganye da fili a tsakiya don rubutu. Kamfanin Vaughton na Birmingham da Dieges & Clust na New York, wanda aka kafa a 1898 kuma ya buga lambobin Olamfik ɗin 1904, sun yi irin wannan aiki da yawa. Yawancin lambobin faɗinsu tsakanin milimita 25 ne da 50. Ƙananan masu siffar garkuwa an yi su ne don ratayawa a sarƙar agogon aljihu, wani lokaci da 'yar garkuwar zinariya a tsakiya. Ma'anar wannan ita ce, lambobi biyu daga makarantu daban za su iya zama fuska ɗaya sak. Abin da ya raba su shi ne zanen hannun da ke baya, wanda mai zane ya yanka da tsinken ƙarfe harafi-harafi. A wajena wannan rubutu shi ne kyautar. Ƙarfen ana iya sayensa a awo, amma sau da yawa sunan ɗalibin da nisan tseren da daƙiƙoƙin da ya yi ba su rage ko'ina ba sai a nan.

Kayan Ingila sun fi sauƙin karantawa saboda hatiman gidan gwajin ingancin azurfa. Nemi jerin ƙananan tambura kusa da bakin kofi ko a ƙarƙashinsa, da gilashin ƙara girma mai ninki goma. Zaki mai tafiya yana nufin kashi 925. Sai alamar gari: kan damisa Landan, anka ta jirgin ruwa Birmingham, kambi Sheffield (kafin 1975), damman alkama uku da takobi Chester, wadda aka rufe gidan gwajinta a 1962. Sai haruffan sunan maƙeri ko kamfanin da ya kai kayan gwaji. Idan akwai kan sarki ko sarauniya, galibi alamar biyan haraji ce, wadda aka yi amfani da ita daga 1784 zuwa 1890, in ita ce kuwa kofin ya girmi 1891. Sai harafin shekara, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. A da kowane gari da nasa jeri: Landan haruffa 20 take zagayawa, tana canzawa a watan Mayu, Birmingham kuma jerinta ya fi tsawo, tana canzawa a Yuli. Ba a daidaita su zuwa 1 ga Janairu ba sai 1975. Harafi ɗaya kan dawo a zagaye na gaba, bambancin yana ga salon rubutun da siffar garkuwar da ke kewaye da shi. A fara da gano garin, sannan a duba jadawalin wannan garin, a kwatanta har da kusurwoyin garkuwar.

Da ka samu shekarar hatimi, gwada ta da shekarar da aka zana. Hatimi ya girmi rubutu da shekara ɗaya zuwa biyar, ba komai, kofin ya zauna a kanti ne. Hatimi ya zo bayan shekarar rubutu da watanni, shi ma yana faruwa, don wasu kyaututtukan sai an gama gasa ake yin odarsu. Amma kofi mai rubutun 1875 da hatimin 1905, ko dai madadin wanda ya ɓace ne, ko kuma wani ya ƙara rubutun daga baya don ya ɗaga farashi.

Amurka ba ta da gidan gwaji na hukuma. Kamfani ne ke buga kalmar STERLING ko 925, ko COIN a kan na kashi 900, kuma sai a 1906 aka yi dokar tarayya kan gaskiyar irin waɗannan alamu. Lambobi da yawa, a ƙasashen biyu, ba su da wata alama sam, kuma rashinta bai nuna jabu ba ne.

Mafi yawan kofunan da suka rage a yau ruwan azurfa aka shafa musu. Kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar shafawa da lantarki a 1840, daga nan kwalejin da ba ta da ƙarfi ta samu babban kofi mai ƙyalli a kan kuɗi kaɗan. Haruffan EPNS na nufin an shafa a kan gaurayen jan ƙarfe da nikel da tutiya, wanda ake kira azurfar Jamus alhali babu ɗigon azurfa a cikinsa. EPBM na nufin an shafa a kan gaurayen kuza mai laushi. Masu wannan sana'a sukan jera haruffansu cikin ƙananan garkuwoyi huɗu ko biyar don su yi kama da hatimin gaske, amma zaki ba ya ciki. Shafin bai kai kaurin gashin kai ba, don haka duba wuraren da hannu ke yawan taɓawa: launin rawaya-rawaya ko ja ko toka mai duhu da ke leƙowa ƙarfen ƙasa ne. Wannan bai rage wa kofin tarihi ba. Ya dai canza yadda za a kula da shi.

Ga lambar da ba ta da alama, gwajin da ba ya ɓarna shi ne na ruwa. A auna ta a ma'auni mai nuna kashi ɗari na giram. A ɗora kofin ruwa a ma'aunin, a mai da shi sifili, a rataye lambar da zare siriri ta nutse ba tare da ta taɓa ƙasa ko gefe ba, a karanta. A raba nauyin farko da na biyu. Misali, giram 31 da aka raba da 3.0 ya ba da 10.3, daidai da sitalin. Azurfar Jamus takan tsaya wajen 8.7, jan ƙarfe 8.9, gaurayen kuza wajen 7.3. Kumfar iska da ta maƙale a jikin lambar tana ɓata sakamako, haka ma zoben rataya na wani ƙarfe ko adon gilashi mai launi, kuma gwajin ba ya aiki a kan kofi mai hannu rami ko gindin da aka cika da ƙaro ko filasta don ya zauna. Maganaɗisu ba ya raba gardama, don ba ya kama azurfa, ba ya kama azurfar Jamus. Gwajin asid kuwa sai an kankare wuri, kuma tabon ba ya gogewa. Bai kamata a yi wa kayan tarihi ba. Lambar da aka kwafa ta hanyar zubi tana da ƙananan ramuka kamar na allura, haruffanta ba kaifi, wani lokaci da layin haɗi a gefe.

Wata matsalar ita ce rubutun da aka goge. Dillalai sukan kankare sunan farko don su sayar da kofin a matsayin sabo, ko su zana sunan fitacciyar jami'a. Sa babban yatsa a waje, manuni a ciki, ka bi jikin kofin a hankali: wurin da aka kankare ya fi sirara, yana ɗan lotsawa. Hura masa numfashi, inuwar tsohon rubutu kan bayyana a cikin tururin. Sabon yanka yana da kaifi da haske a cikin ramin, tsoho kuwa bakinsa ya lallaɓa kuma ya tara baƙi.

Baƙin da azurfa ke yi ba tsatsa ba ne. Farar wuta da ke cikin iska ce ke haɗuwa da fatar ƙarfen, ta fara da rawaya, ta koma ruwan ƙasa, ta ƙare da baƙi. Ulu, roba, jarida, ƙwai da wasu fenti duk suna fitar da ita, kuma laima na hanzarta aikin. Gishirin gumi na barin zanen yatsa da ke ci cikin ƙarfe, don haka a ɗauka da safar hannu ta auduga, a tallabi jiki da gindi, kada a ɗaga da hannayen kofin, nan ne liƙi ke fara sakewa. Kowace gogewa tana tafiya da ɗan ƙarfe. Kofin da aka yi shekara ɗari ana gogewa duk mako, sunayen da ke kansa sun zama inuwa, hatiminsa ya shafe. Ɓarnar da masu son kofi suka yi masa ta fi wadda masu sakaci suka yi.

Idan dole ne a tsabtace, a cire gindin katako da ƙyallen rataya tukuna. A wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu marar ƙarfi, a busar nan take da ƙyalle mai laushi, kada ruwa ya shiga hannu rami ko gindi cikakke. In baƙin bai tafi ba, a dama lallausan garin alli irin na masu adana kayan tarihi da ruwa mai tsabta ya yi kamar kunu, a shafa da auduga a ɗan wuri kaɗan-kaɗan, ana canza audugar da ta yi baƙi, a rufe hatimi da yatsa, a bar baƙin da ke cikin ramin haruffa don shi ke sa su karantu. Man goge baki da garin wanke tukwane suna karce fata. Ruwan tsomawa na kanti yana cinye baƙin har cikin zane ya bar ƙarfen fari fat marar rai. Dabarar takardar alminiyam da soda da ruwan zafi tana aiki a kan cokali, amma a kan kofi tana kwashe duhun da maƙeri ya sa da gangan, tana kuma shiga ramukan da ba za su bushe ba. Cikin da aka shafa wa zinariya wanki kawai yake so. Moɗar kuza ba a goge ta don ta yi ƙyalli, tokar launinta ce, kuma tsofaffin kan ƙunshi dalma, don haka ba a sha da su.

Hannun da ya cire ko jikin da ya lotsa aikin maƙerin azurfa ne. Gyaran da ya fi kashe kofi shi ne liƙi da dalma: yana kamawa da sauƙi, amma ranar da aka sake kai kofin wuta don gyara na gaske, dalmar za ta ci cikin azurfar ta huda ta. Kofin EPBM kuwa yana narkewa a ƙasa da digiri 300, wutar liƙin azurfa za ta zubar da shi gaba ɗaya. Sake shafa ruwan azurfa na buƙatar a goge fatar sosai kafin a tsoma, rubutun ya ƙara dushewa, sabon shafin kuma ya cike siraran layuka.

Wajen ajiya, a naɗe kowanne daban da takarda marar asid, sannan a sa cikin jakar leda mai zif da ƙullin busar da laima ko ƙyallen da ke tsotse farar wuta, ba tare da zoben roba ba. Lamba ta zauna da akwatinta na asali, domin sunan kanti da ke cikin murfin yakan nuna gari da zamani, amma a sa takarda tsakaninta da shimfiɗar akwatin idan ulu ce. Kafin a rufe, a ɗauki hoton rubutun da haske mai zuwa daga gefe, wanda ke fito da haruffan da ido ba ya gani kai tsaye, a kwafe kowace kalma da kowace alama a takarda, har da nauyi da tsayi da faɗin baki, a ajiye takardar tare da kayan.